Cimakar Tsirrai: Hanyoyinta, Amfaninta da Kasuwar da ta Buɗe wa 'Yan Kasuwar Nijeriya

A cikin 'yan shekarun nan, maganar rage cin nama da komawa ga abincin da ake samu daga tsirrai ta tashi daga asibitoci da jami'o'i ta shiga zauren taron manyan kamfanoni da kasuwannin hannayen jari na duniya. An zuba maƙudan kuɗaɗe a wannan fage, wasu sun ci riba, wasu kuwa sun tafka asara. Nijeriya, wadda ita ce kan gaba a noman wake a duniya, kuma tana cikin manyan masu noman gyaɗa da riɗi da dawa da gero, ba ta da dalilin zama 'yar kallo.

Sai dai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara sani shi ne, masu bin wannan cimaka ba jinsi ɗaya ba ne. Kowane rukuni yana da ƙa'idojinsa, da dalilansa, da irin kayan da yake saye. Wanda ya haɗa su duka a buhu ɗaya zai iya kai kaya inda ba a bukatarsu, ko ya rasa ciniki a kan wani ɗan ƙaramin abu da ya sa a cikin haɗinsa.

Rukunonin Masu Cimakar Tsirrai

Rukuni na farko, wanda ya fi daɗewa, shi ne na waɗanda ba sa cin nama da kifi amma suna shan madara, wasunsu har da cin ƙwai. A Ingila an kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi tun shekarar 1847, amma cibiyarsu ta ainihi ita ce ƙasar Indiya. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na baligan Indiya sun bayyana kansu a matsayin marasa cin nama. Doka a ƙasar ta wajabta sanya alamar ɗigo kore a jikin duk abincin leda ko na gwangwani da babu nama a cikinsa, domin mai saye ya gane da kallo ɗaya. Wannan ne ya sa Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace noma dangin wake, ta fi kowace ci, kuma duk da haka take sayo ƙari daga waje. A cikin ƙasar ma akwai mabiya addinin Jain, waɗanda bayan nama ba sa cin abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar albasa da tafarnuwa da dankali.

Rukuni na biyu ya fi tsanani. Su ne masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, wato nama da kifi da ƙwai da madara da man shanu, har da zuma. Ƙungiyarsu, Vegan Society, an kafa ta a Ingila a shekarar 1944 a ƙarƙashin jagorancin Donald Watson. Yawansu bai kai na sauran ba, amma su ne suka fi kula da abin da aka rubuta a jikin kaya, kuma sukan yarda su biya kuɗi mai tsoka idan sun amince da mai sayarwa. Ga mai sarrafa abinci a Nijeriya, wannan yana nufin cewa garin alale da aka zuba wa busasshen kifi ko jatan lande, ko yajin da aka haɗa da dunƙulen ɗanɗano mai romon kaza, ya fita daga layin wannan kasuwa, komai kyansa.

Rukuni na uku shi ne na masu cin kifi amma ba sa cin nama, da kuma masu bin tsarin cimakar ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su Girka da Italiya da Sifen. Wannan tsari ya ginu ne a kan ganye, 'ya'yan itatuwa, dangin wake, hatsin da ba a surfe ba, dangin gyaɗa da man zaitun, tare da kifi jefi-jefi da nama ɗan kaɗan. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa a shekarar 2010.

Rukuni na huɗu shi ne mafi yawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa. Su ne waɗanda ba su bar nama ba, rage shi kawai suka yi. Wasu suna ware rana ɗaya a mako, kamar yadda gangamin Litinin ba nama ya soma a Amurka a shekarar 2003 da haɗin gwiwar makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Johns Hopkins. A shekarar 2019 wani kwamitin masana mai suna EAT-Lancet ya ba da shawarar cewa jan naman da mutum zai ci ya tsaya a kusan giram 14 a rana, wato kimanin giram 100 a mako, yayin da dangin wake za su kai giram 75 a rana, dangin gyaɗa kuma giram 50. Mai bin wannan hanya ba ya tsananta bincike a kan haɗi. Abin da yake nema shi ne abinci mai daɗi, mai araha, mai saurin dafuwa.

Rukuni na biyar shi ne na masu barin nama a wasu lokuta saboda addini. Kiristocin Orthodox na ƙasar Habasha suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin bikin Ista, abin da ya sa miyar garin wake da suke kira shiro ta zama ginshiƙin gidajen abincinsu. A nan gida, Jami'ar Babcock da ke Ilishan-Remo a Jihar Ogun, mallakar cocin Adventist, tana ciyar da dubban ɗalibanta ba tare da nama ba, kuma waken soya na cikin manyan kayan da take amfani da su. A tsibirin Legas ma akwai al'adar cin wake da aka dama da ruwan kwakwa, wanda ake kira frejon, a ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, al'adar da zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil suka zo da ita.

Akwai kuma rukuni na shida da littattafan ƙasashen waje ba su cika ambata ba, alhali shi ne mafi girma a Nijeriya: waɗanda tsada ce ta raba su da nama. A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali magidanci ba ra'ayi yake bi ba, abin da zai gina jikin iyalinsa da ɗan kuɗin da ke hannunsa yake nema.

Abin da Bincike ya Nuna Game da Lafiya

Amfanin wannan cimaka ga lafiya ba zance ne na fatar baki ba. A ƙasar Sifen an gudanar da wani bincike mai suna PREDIMED a kan mutum 7,447 masu haɗarin kamuwa da ciwon zuciya. Waɗanda aka ɗora a kan cimakar Bahar Rum, tare da ƙarin man zaitun ko dangin gyaɗa, an samu ragin kusan kashi 30 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu, idan aka kwatanta da sauran. An wallafa sakamakon a shekarar 2013, aka sake tantance shi aka wallafa a 2018.

A Amurka da Kanada kuwa, Jami'ar Loma Linda ta fara bin diddigin mabiya cocin Adventist kimanin dubu 96 tun shekarar 2002. Rahoton da ta fitar a 2013 ya nuna cewa yawan mace-mace a tsakanin marasa cin nama ya yi ƙasa da na masu ci da kashi 12 cikin ɗari a tsawon lokacin binciken. Bugu da ƙari, a shekarar 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko magungunan adanawa, irin su tsiran Turawa, cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, inda ya ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Ita dai Hukumar tana ba da shawarar cin ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana, da tsayar da gishiri ƙasa da giram 5.

Dalilin wannan amfani a fili yake. Wake da hatsin da ba a surfe ba suna ɗauke da dusar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, tana kuma taimaka wa hanji. Kitsen da ke cikin gyaɗa da riɗi ba irin mai daskarewa ba ne kamar na dabba. Ta fuskar gina jiki kuma, busasshen wake yana ɗauke da furotin kimanin kashi 24 cikin ɗari, waken soya kuwa ya haura kashi 35. Abin da hatsi ya gaza da shi na sinadaran gina jiki wake yana cikewa, abin da wake ya gaza da shi hatsi yana cikewa. Saboda haka shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ko tuwo da miyar wake, haɗi ne da kimiyyar yau ta tabbatar da hikimarsa.

To, amma akwai iyaka. Ba duk abin da ya fito daga tsiro ne yake da amfani ba, domin sukari da farar fulawa da lemon kwalba duk daga tsiro suke. Masana a Jami'ar Harvard sun wallafa wani bincike a shekarar 2017 a kan mutum fiye da dubu 200, wanda ya nuna cewa masu cin kayan tsirrai nagari sun samu ragin haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 cikin ɗari, yayin da masu dogaro da kayan zaƙi da tataccen gari da soye-soye haɗarinsu ya ƙaru da kashi 32.

Haka nan, wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya wajibi ne ya nemi bitamin B12 daga ƙwaya ko daga abincin da aka ƙara wa shi, domin tsirrai ba sa bayar da shi, kuma rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, sai an haɗa da lemo ko tumatir, kuma shan shayi tare da abinci yana rage shi. A ƙasa irin tamu, inda binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ƙwai da madara da kifi ba abin wasa ba ne ga ƙananan yara da masu juna biyu. Mai sayar da kaya da ya rubuta a jikin ledarsa cewa madarar waken soya za ta maye gurbin nonon uwa, ko za ta warkar da ciwon sukari, ya cuci jama'a, kuma ya jawo wa kansa fushin hukuma.

Darasi daga Kasuwar Hannayen Jari

Ga masu tunanin zuba jari, labarin kamfanin Beyond Meat na Amurka ya isa ishara. Kamfanin yana haɗa abin da ya yi kama da nama daga furotin ɗin wake da man tsirrai. Ya shiga kasuwar hannayen jari a watan Mayun 2019 a kan dala 25 kowane hannun jari, kuma kafin ƙarshen Yulin shekarar farashin ya haura dala 230. Daga nan sai al'amura suka juya. Daga 2019 zuwa 2024 kamfanin bai taɓa rufe shekara da riba ba, kuma a shekarar 2025 hannun jarinsa ya faɗo ƙasa da dala 5.

Dalilan da masu nazarin kasuwa suka fi ambata su ne, kayan sun fi naman gaske tsada, mutane da yawa sun ɗanɗana sau ɗaya ba su koma ba, sannan masu kula da lafiya suka soma ƙorafi a kan yawan gishiri da tsawon jerin abubuwan da aka haɗa. Wato dai mai saye bai ƙi kayan tsirrai ba, abin da ya ƙi shi ne ya biya kuɗi mai yawa a kan kwaikwayo. A daidai lokacin da wannan kamfani yake tangal-tangal, cinikin wake da adas da riɗi da madarar tsirrai bai tsaya ba, domin su abinci ne na yau da kullum da mutane suka saba da shi.

Wannan darasi ya dace da Nijeriya. Ƙosai da alale da awara ba sa kwaikwayon komai, kuma ba sa bukatar a yi wa kowa wa'azi kafin ya saya.

Arzikin da ke Hannu

Duk wanda ya zaga kasuwar Dawanau a Kano, ko Mile 12 a Legas, ko Bodija a Ibadan, ko kasuwar Ose a Anaca, ya san cewa wake na cikin manyan kayan da suka haɗa Arewa da Kudu. Ana noma shi a Arewa da Jamhuriyar Nijar, wadda ita ce ta biyu a duniya, ana kuma cinye kaso mai yawa a biranen Kudu. Yarabawa suna yin akara da moin-moin da ewa agoyin. A Inugu ana yin okpa da garin gurjiya, wanda ake safararsa daga jihohin Arewa. Daddawar kalwa, wadda Yarabawa ke kira iru, da ogiri da ugba na ƙasar Ibo, duk kayan ɗanɗano ne na tsirrai tsantsa. A Ghana ma abincin nan da ake kira waakye sunansa daga kalmar wake ta Hausa ya samo asali.

Waken soya kuwa manoman Binuwai ne suka daɗe suna riƙe da shi, kafin nomansa ya bazu zuwa Kaduna da Kano da Neja da sauran jihohi. A shekarun 1980 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta yi aikin koya wa mata yadda za su sarrafa shi a gida. A yau awara, wadda ake daskarar da ita da ruwan tsami ko na tsamiya, ta zama sana'ar dubban mata, kuma a gidaje da dama ita ce ke maye gurbin nama a cikin miya. A Legas, gidan abinci na Veggie Victory da aka buɗe a shekarar 2013 ya nuna cewa akwai masu neman irin wannan cimaka a cikin birni, har ya kai ga sayar da busasshen madadin nama a cikin leda.

Ta ɓangaren fitarwa waje ma ƙofofi a buɗe suke. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓorodo yana tafiya Meziko, inda ake yin abin sha da shi. Aya, wadda muke yin kunu da ita, ita ce Sifaniyawan yankin Balansiya suke yin madarar da suke kira horchata, kuma suna sayo ƙari daga Afirka ta Yamma. Tarayyar Turai ta amince da shigar da garin 'ya'yan kuka a shekarar 2008, ta kuma amince da acca a 2018. Ita acca, wadda ake nomawa a Filato da Bauci da kudancin Kaduna, ba ta ɗauke da sinadarin gulutin na alkama da wasu mutane ba sa iya ci, abin da ya ƙara mata daraja a can. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 domin dangin wake, ta kuma ware 2023 domin dangin gero.

Abin takaici shi ne, akasarin waɗannan kaya ɗanye ake fitar da su. Yazawar Kogi da Ogbomoso ana kai ta Biyetnam da Indiya da ɓawonta, a can a fasa, a gyara, a sayar wa Turai da Amurka. Riɗi yana fita a buhu, wasu su tatse mansa ko su niƙa shi su zuba a kwalba. Manomi da ɗan dako da dillali suna samun nasu, amma kaso mafi tsoka yana hannun wanda ya sarrafa ya liƙa sunansa.

Cikas ɗin da ke Gaba

Babban cikas shi ne tsafta da amana. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan da aka yi ta samun ragowar maganin ƙwari na DDVP a cikinsa fiye da ƙima. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu kayan da suka ninka haka sau ɗaruruwa. An yi ta sabunta haramcin a shekarun da suka biyo baya. Ƙasar da ta fi kowa noman wake ta rasa wannan kasuwa ne saboda ɗabi'ar wasu masu ajiya ta zuba maganin feshi kai tsaye a cikin buhu domin gudun ƙwari. Kuma waken da Bature ya ƙi karɓa, shi ne ake dafa wa iyali a gida.

Maganin wannan matsala sananne ne. Tun shekarar 2007 aka shigo da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su mutu ba tare da an sa magani ba. Kuɗinsa ya fi na buhun da aka saba, amma ana iya sake amfani da shi, kuma waken da ya fito daga cikinsa kowace kasuwa za ta karɓa. A gona kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen shekarar 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanso, ya kuma rage yawan feshi. Sai dai tun da iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, mai niyyar fitarwa waje ya kamata ya fara tambayar mai sayensa, domin wasu kasuwanni ba sa karɓar irin wannan.

Matsala ta biyu ita ce gubar afalatoksin da funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai danshi. Gubar tana lalata hanta, kuma tana cikin dalilan da ake mayar da kaya daga tashoshin jiragen ruwan Turai. Cibiyar IITA ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona domin rage ta, amma busarwa a kan tamfol maimakon ƙasa, da tsince ruɓaɓɓu, su ne matakin farko. Matsala ta uku ta shafi masu kunun aya da madarar waken soya da awara: kayan suna saurin lalacewa, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Wannan ne ya sa mayar da su gari ko busar da su ya fi dacewa da mai ƙaramin jari.

Inda Riba Take

Idan aka auna waɗannan rukunoni shida da abin da ke hannunmu, za a ga cewa kasuwa mafi kusa kuma mafi tabbas ita ce ta cikin gida. Ma'aikaciya a Legas ko Fatakwal da ke fita da asuba ta dawo bayan magariba ba ta da lokacin tsince wake da jiƙawa da surfe da kai niƙa. Wanda ya kawo mata wake tsintacce a leda, ko garin ƙosai da na alale, ko garin ɗanwake, ko daddawa busasshiya mai tsafta, ya sayar mata da lokaci ne, kuma lokaci yana da tsada a birni. Makarantun kwana da asibitoci da gidajen abinci na ma'aikatu su ma masu saye ne da yawa, kuma suna neman wanda zai riƙa kawo kaya iri ɗaya a kan lokaci.

Kasuwa ta biyu ita ce ta 'yan Nijeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma mazauna ƙasashen waje, waɗanda sun riga sun san kayan. Ta uku ita ce ta ƙasashen Afirka, ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar da aka ƙaddamar da fara aiki da ita a watan Janairun 2021. Ta huɗu, mafi tsada kuma mafi wuyar shiga, ita ce ta masu tsananin ƙa'ida a Turai da Amurka, inda sai da takardar shaidar gwaji da bayanin gonar da kaya suka fito. Kowace daga ciki aka nufa, sai an bi ta kan rajistar NAFDAC da ƙa'idojin Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta SON, mai fitarwa waje kuma sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya ta NEPC, ya kuma sami shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS.

Masu fataucin dabbobi da mahauta kada su ɗauki wannan batu a matsayin barazana. Nama halal ne, yana da matsayinsa a layya da suna da biki, kuma abin da ɗan Nijeriya yake ci a shekara bai kama ƙafar na Ba'amurke ko Bature ba. Gargaɗin rage nama ya fi shafar ƙasashen da suka wuce gona da iri, da kuma masu hali a biranenmu da hawan jini da ciwon sukari suka fara addaba. Hasali ma sana'o'in biyu suna tallafar juna, domin harawar wake da ƙuliƙulin gyaɗa da dusar waken soya su ne abincin dabbobi, saiwar wake kuma tana ƙara wa ƙasa taki, abin da ke rage wa manomi kuɗin takin zamani.

Saboda haka, ƙalubalen da ke gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi, musamman na Dawanau da Mile 12 da Bodija, shi ne su sanya wa mambobinsu doka a kan zuba maganin feshi a cikin buhu, su haɗa kuɗi su mallaki injunan tsincewa da niƙa da ɗaure leda, su kuma nemi bankuna su ba da rance ga matan da ke sana'ar awara da daddawa. Su ma hukumomi ya kamata su kusanto da ɗakunan gwaji zuwa manyan kasuwanni, ta yadda ɗan kasuwa zai san halin da kayansa suke ciki tun kafin su hau mota, ba sai sun isa tashar jirgin ruwa an mayar da su ba.